Yadda ake mayar da hoton duwatsu da gonaki baƙi da fari, ko launin tsohon hoto

Kowace waya a yau, daga Tecno da Infinix har iPhone, tana da wurin da za ka taɓa hoto ya koma baƙi da fari nan take. Matsalar tana ga abin da ke fitowa. Ka ɗauki duwatsun Mbula daga hanyar Dass a watan Agusta, dawa ta yi kore shar, hanyar gona ja wur, hadari ya haɗo ta gabas, amma kana taɓa madannin nan sai komai ya dagule ya zama toka guda. Ba ka iya raba gona da hanya, dutsen kuma ya shige cikin samaniya. Daga nan mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa hoton waya ba ya karɓar baƙi da fari, su haƙura.

Abin da ke faruwa lissafi ne. Kowane ɗigo a hoton dijital haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne da lambarsa daga 0 zuwa 255. Idan aka bar manhaja ta cire launi da kanta, yawanci wani ma'auni take bi da aka gada tun zamanin talabijin: kusan kashi 30 cikin ɗari na ja, kashi 59 na kore, kashi 11 na shuɗi, a haɗa, abin da ya fito shi ne hasken ɗigon. A ce jar ƙasar hanyarka tana da ja 170, kore 90, shuɗi 60. Lissafin zai ba da wajen 110. A ce ganyen dawa yana da ja 80, kore 135, shuɗi 60. Shi ma 110 zai bayar. A ido launi biyu ne da ko yaro ba zai rikita su ba, amma haskensu ɗaya, don haka da launi ya tafi sai su narke cikin juna. Ƙasar Bauchi kuwa cike take da irin wannan karo: marmara da ganye, dutse da samaniya, busasshiyar ciyawa da yashin rafi.

To aikin gaba ɗayansa shi ne kai ka zauna ka raba wa kowane launi mazauninsa tsakanin baƙi da fari, ka ce wannan ya yi haske, wancan ya yi duhu. Duk sauran matakan wannan suke yi wa hidima.

Kayan aiki ba su da tsada. A waya akwai Lightroom na kamfanin Adobe da Snapseed na Google, dukansu kyauta ake sauke su. A kwamfuta akwai Photoshop da Lightroom Classic ga mai biyan kuɗin wata, akwai kuma GIMP wanda ba a biyan ko kwabo. Sunayen madannai da Turanci suke a cikin manhajojin, don haka zan rubuta su yadda za ka gan su a allo.

Mataki na farko: zaɓen hoto

Ba kowane hoto ne ke son a raba shi da launinsa ba. Ruwan Wikki da ke Yankari, mai ɗumin digiri 31, kyansa yana cikin shuɗi-shuɗin nan da yake yi garau a ƙarƙashin koren itatuwa. Ka cire wannan, ka cire dalilin ɗaukar hoton. Haka faɗuwar rana a madatsar ruwa ta Gubi. Waɗannan a bar su yadda Allah ya yi su.

Hoton da ke tashi a baƙi da fari shi ne mai siffa da kaushi da inuwa. Dutsen Zaranda a hanyar Jos da tsage-tsagen jikinsa. Kuka da ta zubar da ganye a tsakiyar rani. Kunyoyin gona bayan huɗa, rana ta bugo su ta gefe. Fararen shanu a gaban baƙin hadari. Wanda na fi so duka shi ne jerin tsaunuka cikin hazon hunturu, na kusa baƙi, na bayansa toka, na can nesa kamar zai ɓace. Idan kana shakka, ka ɗan kanne idanu ka dubi hoton har ƙananan abubuwa su dushe. In har yanzu kana ganin manyan siffofi biyu ko uku a rarrabe, hoton zai yi.

Kada ka yar da hotunan tsakar rana. Wannan zafin hasken da ke ƙona launi, ya sa inuwa ta yi baƙi ƙirin, sau da yawa shi ne ke ba dutse kwarjini idan launi ya kau.

Mataki na biyu: asalin fayil

Ka ɗauka da launi. Idan ka sa kyamara ta ɗauki baƙi da fari kai tsaye a tsarin JPEG, ta riga ta yanke maka hukuncin nan na 110 da 110, ta kuma zubar da launin da za ka yi gyara da shi. In kyamararka ko wayarka tana da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta riga ta sarrafa ba, ka kunna shi. A wayoyin Android masu shi, yana cikin sashen Pro, fayil ɗin kuma yakan fito da sunan DNG. JPEG matakan haske 256 gare shi a kowane launi, RAW kuwa yakan kai 4,096 ko 16,384 gwargwadon kyamara. Za ka ga amfanin wannan tazarar lokacin da ka fara duhunta samaniya.

Ka yi aiki da asalin hoton da ke cikin wayar da ta ɗauka. Wanda ya bi ta WhatsApp ko Facebook an riga an matse shi, da ka fara jan sa zai farfashe. In a wayar wani aka ɗauka, ya turo maka a matsayin Document. Sannan ka yi kwafi, ka ajiye mai launin a gefe kada ka taɓa shi.

Mataki na uku: gyara shi yana da launinsa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Miƙe hoton idan ya karkace, musamman in akwai ruwa a ciki. Datse gefen da ba ya ƙara komai. Ja Highlights, sandar wurare masu haske, baya har gajimare ya nuna naɗe-naɗensa, ka ɗaga Shadows, ta wuraren inuwa, kaɗan in gindin dutse ya cushe. Ka goge ledojin da iska ta maƙala a ƙaya, domin farar leda a baƙi da fari ita ido zai fara faɗawa. A Lightroom ka shiga Optics ko Lens Corrections ka kunna Remove Chromatic Aberration. Shi ne ke cire siririn zaren kore ko ruwan hoda da gilashin kyamara ke bari a gefen dutse da rassan itace. In ka bar shi, anjima zai koma farin zare ko baƙi mai kewaye dutsen, kuma a lokacin cire shi wahala ne.

Mataki na huɗu: juyawa da rabon launi

Nan ne zaman yake, kada ka yi gaggawa.

A Lightroom na waya ka shiga Color, ka taɓa B&W, sannan ka buɗe Mix. Za ka ga ɗigogi takwas: ja, ruwan goro, rawaya, kore, Aqua wato shuɗi mai sirkin kore, shuɗi, sai Purple da Magenta. Kowanne yana da sanda ɗaya da ake ja daga −100 zuwa +100. Dama haske, hagu duhu. A Lightroom Classic harafin V ne ke juya hoton, sandunan kuma suna ƙarƙashin B&W.

A Photoshop kada ka bi ta Grayscale ko Desaturate, su ne daidai da madannin wayar nan. Ka je Layer, New Adjustment Layer, Black & White. Sanduna shida ne, suna farawa a ja 40, rawaya 60, kore 40, Cyans 60, shuɗi 20, Magentas 80. Da yake a kan shimfiɗa ta daban, wato Layer, gyaran yake zaune, asalin hoton yana nan ƙasa lafiya lau, gobe ma kana iya dawowa ka sauya. Akwai ɗan hoton hannu a gefen sandunan. Ka danna shi, ka ɗora a kan samaniya ko gona ka ja, manhajar da kanta za ta gano sandar da ta dace.

A GIMP ka bi Colors, Desaturate, Mono Mixer. Sanduna uku kawai gare shi, ja da kore da shuɗi, kuma ana so jimillarsu ta tsaya kusa da 1 don kada hasken hoton ya tashi ko ya faɗi. Ja 0.6, kore 0.4, shuɗi 0 mafari ne mai kyau ga hoton da ke da samaniya.

Snapseed ba shi da sandar kowane launi. Abin da yake da shi a cikin Black & White shi ne matatan launi, daga ciki akwai ja da ruwan goro da rawaya da kore. Ƙa'idarsu guda ce: kowane mataci yana haskaka launinsa, yana duhunta kishiyarsa. Rawaya tana ɗan duhunta shuɗin samaniya, ruwan goro ya fi ta, ja ya kai shi kusan baƙi. Kore yana haskaka ganye, yana danne jar ƙasa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanda ya fi raba maka abubuwan da ke hoton.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1927 mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Ansel Adams ya hau wani tsauni a yankin Yosemite na Amurka don ya ɗauki fuskar dutsen Half Dome. Ya fara ɗauka da gilashi mai rawaya a bakin kyamara, sai ya ga a ransa ba haka yake jin dutsen ba, ya sauya da jan gilashi a farantin ɗaukar hoto na ƙarshe da ya rage masa. Samaniya ta fito kusan baƙa, dutsen ya miƙe a gabanta. Shi dama ɗaya ta rage masa a ranar. Kai kuwa sandar tana hannunka, kana iya kai ta ka dawo da ita har sai ka gamsu.

Mu koma ga hoton hanyar Dass mu bi shi launi-launi.

Fara da samaniya, domin ita ce mafi faɗi. Ja shuɗi zuwa hagu, wajen −30 ko −40 a Lightroom. Fararen gajimare ba su da launi, don haka ba za su motsa ba, shuɗin da ke bayansu ne zai nutse su kuma su fito. Kusa da bakin tsauni samaniya takan karkata zuwa Aqua, saboda haka ka ja wannan sandar ita ma, kusan rabin abin da ka ja shuɗi. In ba haka ba za ka ga sama ta yi duhu a bisa, ta yi wani farin ɗamara a ƙasa.

Sai gona. A nan akwai abin da ke ba sabon shiga mamaki: ka ja sandar kore, ganye ya ɗan motsa kawai. Ganyen da rana ta haska, a wurin kyamara rawaya ta fi yawa a cikinsa. Don haka rawaya da kore tare ake jan su. Ka ɗaga rawaya zuwa +30, kore zuwa +20, sai dawa ta yi haske, kowane ganye ya fito da kaifinsa. In ka wuce +60 gonar za ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, kuma wanda ya san dawa zai ce wannan ba ita ba ce.

Yanzu hanya. Jar ƙasa tana amsa wa ruwan goro da ja. Tunda ka haskaka gona, ka duhunta hanyar, ruwan goro −20, ja −20. Ga shi abin da ya zo 110 da 110 ya rabu, hanya ta zama baƙin zare mai ratsa farar gona zuwa gindin dutse. Kana iya juya abin, ka duhunta gona ka haskaka hanya, kuma a hotuna da yawa wannan ya fi, domin ido yana bin haske, farar hanya kuma takan ja mai kallo ta kai shi ciki. Ka gwada duka biyun. Abin da ba a so shi ne ka ja su gefe ɗaya.

Dutsen kansa, da yake toka-toka ne, ba ya cika jin sanduna. Amma ɓangaren da ke cikin inuwa yana ɗauke da shuɗin samaniya, ɓangaren da rana ta buga kuma yana da ruwan goro. To ka lura, duk lokacin da ka duhunta shuɗi kana zurfafa inuwar dutsen, duk lokacin da ka taɓa ruwan goro kana taɓa fuskarsa mai rana. Bayan kowace sanda ka sake duban hoton gaba ɗaya, kada idonka ya tsaya a wurin da kake gyarawa kaɗai.

Idan akwai mutum a hoton, manomi a bakin kunya ko makiyayi da sandarsa, ka yi hattara da ruwan goro da ja. Fatar mutum a can take zaune, kowane irin haske gare ta. Ka duhunta hanya da yawa, fuskar bawan Allah ta tafi tare da ita, ba ido ba hanci. A irin wannan hoton hanyar ake haskakawa, gona a duhunta, sai fuska ta amfana. Kuma tun a wurin ɗauka ka yi sallama ka nemi izini. "Baba, sannu da aiki, ka yarda in ɗauki gonar nan kana ciki?" ba ta cin minti guda.

Hoton rani da na hunturu lissafinsu daban. Kore ya tafi, ciyawa da ƙasa da karan dawa duk sun taru a rawaya da ruwan goro, samaniya kuma fara ce saboda ƙura, babu shuɗin da za a ja. A nan ka raba rawaya da ruwan goro, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ciyawa ta rabu da ƙasa. A Lightroom akwai sandar Dehaze mai rage hazo, mutane kuma suna son kai ta ƙarshe. Ni ban ga dalili ba. Hazon ne ke jera tsaunuka hawa-hawa, shi ne ke nuna nisa. In za ka taɓa ta, +10 zuwa +15 ya isa.

Alamu uku ne ke gaya maka ka wuce gona da iri, kuma sai ka faɗaɗa hoton zuwa kashi 100 kake ganin su. Na ɗaya, samaniya ta yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Dalilinsa yana cikin ƙirar kyamara: a yawancinsu, cikin kowane ɗigo huɗu na idon kyamara biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Bayanin shuɗi bai kai na kore yawa ba, da ka matsa masa sai ya fashe. Na biyu, farin zare ya bi gefen dutse da rassan kuka. Na uku, samaniya ta daina gangarowa sumul, ta koma zobe-zobe, wanda ya fi faruwa da JPEG. Maganin duka ukun ɗaya ne, ka mayar da sandar shuɗi baya har alamar ta ɓace. Sauran duhun da kake so za ka same shi a mataki na shida.

Mataki na biyar: baƙi na gaske da fari na gaske

Bayan rabon launi hoton yakan kasance a kwance, ba shi da ƙarfi. Buɗe jadawalin haske, wato Histogram. Hagu baƙi ne, dama fari. Ana so tudun nan ya miƙe ya kusa taɓa gefe biyu ba tare da ya taru a jikin bango ba. Ja Whites dama har wuri mafi haske a gajimare ya kusa ƙonewa, ka tsaya. Ja Blacks hagu har kogon dutse ko ƙarƙashin itace ya zama baƙi sosai. A Lightroom na waya, in ka ɗora yatsa na biyu a kan hoton kana jan sandar, zai nuna maka wuraren da suka ƙone. A kwamfuta madannin Alt ake riƙewa. Ɗan baƙi ƙirin a hoto yana da kyau, shi ne ke ba sauran nauyi. Farin da ya ƙone a tsakiyar gajimare kuwa rami ne, in aka wanke hoton takarda zalla za a gani a wurin.

Sannan ka buɗe Curves. Layi ne da ya tashi daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Sa ɗigo a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa ka ɗan ja shi ƙasa, sa wani a kashi ɗaya cikin huɗu na sama ka ɗan ɗaga shi, layin ya yi lanƙwasa mai kama da harafin S marar zurfi. Wannan ya fi sandar Contrast domin kai ne ke zaɓen inda ƙarfin zai shiga. Texture ko Clarity a Lightroom, Structure a Snapseed, suna fito da kaushin dutse da ɓawon kuka. Kaɗan ake sawa, 10 zuwa 20.

Mataki na shida: haskaka nan, duhunta can

Masu wankin hoto na da, a ɗakin duhu, da tafin hannu da ɗan kwali suke tare haske daga wani sashe na takarda, su ƙara wa wani. Yau da buroshi ake yi. Manufar ita ce ka nuna wa ido inda zai fara da inda zai bi.

A Snapseed ka shiga Brush, ka zaɓi Dodge & Burn, ka sa +5 don haskakawa ko −5 don duhuntawa, ka shafa da yatsa. A Photoshop ka buɗe sabuwar shimfiɗa, ka cika ta da 50% Gray, ka mayar da yanayinta Soft Light, sannan ka yi shafa da buroshi mai laushi, farin fenti don haske, baƙi don duhu, ƙarfinsa kashi 5 zuwa 10. A GIMP ma haka ake yi. A Lightroom aikin yana cikin Masking, wanda a waya sai mai biyan kuɗi.

A hotonmu na Dass, ka duhunta saman samaniya daga bisa zuwa ƙasa a hankali, ka duhunta kusurwoyin ƙasa biyu don kada ido ya zube waje. Ka haskaka fuskar dutsen da rana ta buga, da lanƙwasar hanya inda ta nufi dutsen, da bayan shanu in akwai su. Shafa sau da yawa da hannu marar nauyi ya fi shafa ɗaya mai ƙarfi. In mai kallo ya iya nuna inda buroshinka ya bi, ka koma ka rage.

Daga nan ka ajiye wayar ka yi wani abin, ka dawo bayan sallah ka sake duba. Ido yana sabawa da duhu da ƙarfi, sai ya riƙa neman ƙari. Kallon farko bayan hutu ne ke gaya maka gaskiya.

Launin tsohon hoto

Sefiya, wato ruwan ƙasa-ƙasan nan na hotunan da, asalinta aikin sinadari ne. Hoton takarda da azurfa ake yin baƙinsa. Masu wanki sukan tsoma shi a ruwan magani mai farar wuta, azurfar ta haɗu da ita ta koma wani sinadari da ya fi jure iska da shekaru, launinsa kuma ya juya ruwan ƙasa. Don hoto ya daɗe ake yi, kyan ya biyo baya.

Sharaɗin farko, sai ka gama baƙi da fari tsaf kafin ka sa ta. Sefiya ba ta gyara hoton da ya dagule, toka ce kawai za ta koma laka.

A Photoshop, cikin wannan shimfiɗa ta Black & White, ka kunna Tint. Launin da yake zuwa da shi ya riga ya kusa, sai dai ka rage ƙarfinsa. A Lightroom ka shiga Color Grading, wanda ya maye gurbin Split Toning a 2020. Za ka ga da'ira uku, ta inuwa da ta tsakiya da ta haske. A ta inuwa ka sa Hue, wato irin launin, tsakanin 35 da 45, Saturation, wato ƙarfinsa, 15 zuwa 20. A ta tsakiya Hue ɗaya, Saturation wajen 10. Ta haske ka bar ta, ko ka sa mata 5 kawai. Dalili shi ne a hoton takarda na gaske launin yana kama wurin da azurfa take, wato duhu da tsaka-tsaki, farin takarda kuma ya zauna kusan fari. In ka rina gajimare ya yi rawaya, hoton zai yi kama da wanda ya sha hayaƙi. A GIMP akwai Sepia a ƙarƙashin Colors, Desaturate, da sandar rage ƙarfi. A Snapseed, bayan ka tabbatar da Black & White, ka buɗe Curves, ka zaɓi layin ja ka ɗan ɗaga tsakiyarsa, ka zaɓi layin shuɗi ka ɗan sauke tsakiyarsa, ƙarshen layukan biyu ka bar su a inda suke.

Launin da kake nema shi ne na allon karatu da aka daɗe ana rubutu ana wankewa, itacen ya yi ruwan ƙasa mai sanyi, tawada kuma tana nan baƙa a kansa. In Hue ya gangara ƙasa da 30 zai koma ja-ja, in ya haura 55 zai fara yin kore-kore.

Ita sefiya ta fi dacewa da ginin ƙasa, rumbuna, ragowar ganuwa, tsohuwar kasuwar ƙauye, da hotunan hunturu waɗanda ƙura ta riga ta ba su rabin launin. Hadarin damina da baƙin dutse sun fi kyau a baƙi da fari zalla, domin ɗumin sefiya yana rage musu fushi.

Akwai amana a nan da nake so a kiyaye. Garin Bauchi yana da tarihi tun daga Sarki Yakubu na farko a farkon ƙarni na 19, mutane kuma suna ƙishin ganin hotunan da. In ka ɗauki Ƙofar Ran ko Ƙofar Wunti bana ka sa mata sefiya ka ɗora a Facebook ba bayani, kafin kwana biyu wani zai kwafe ya rubuta cewa hoton zamanin Turawa ne, dubban mutane su yarda. Ka rubuta shekarar da ka ɗauka a ƙarƙashin hoton, in da hali a jikinsa ma, a kusurwa.

Adanawa da wankewa

Ka adana iri biyu. Ɗaya na aiki, PSD a Photoshop ko XCF a GIMP, mai riƙe da shimfiɗunka. Lightroom shi da kansa yake tuna gyaran. Ɗayan na rabawa, JPEG a tsarin launi na sRGB, inganci 90 zuwa 100. A Snapseed ka shiga Settings ka ɗaga ingancin JPG zuwa 100 tun kafin ka fitar, ka kuma zaɓi fitar da kwafi don kada ya hau kan asalin. Ko da hoton baƙi da fari ne, ka bar fayil ɗin a RGB, domin sefiya ba ta zama a Grayscale.

In za a wanke a takarda, lissafin ɗigo 300 ne a kowane inci. Hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar ɗigo 2,400 da 3,000, wanda kyamarar waya mai megafiksel 12 tana bayarwa in ba ka datse da yawa ba. Allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, shi ya sa hoto ke fitowa da duhu fiye da yadda ka gan shi. Ka rage hasken allonka zuwa rabi kafin ka yanke hukunci, ka kuma ɗan ɗaga Shadows a kwafin da za ka kai.

Yawancin injinan shagunan wankin hoto da launuka suke haɗa toka, don haka baƙi da fari yakan fito da sirkin kore ko ruwan hoda. Wasu injinan kuma suna gyara hoto da kansu, su ga sefiyarka su ɗauka kuskure ne su wanke ta. Ka kai fayil ɗin a filashi ko ka tura a matsayin Document, ka ce wa mai shagon, "Malam, don Allah a kashe gyaran inji, a fara buga mini ƙarami guda in gani." Ka fita da ƙaramin waje ka dube shi a hasken rana, kada ka tsaya ga fitilar shago. In ya karkata kore ko ruwan hoda, ka nuna masa ya daidaita kafin a buga babban. In injin ya ƙi ba da toka mai tsabta, ka koma Color Grading ka sa wa inuwa Hue 40 da Saturation 6 zuwa 8. Wannan ɗan ɗumin yakan rinjayi sirkin injin, a takarda kuma mai kallo baƙi da fari zai gani. Ga hoton da za a rataye a bango ka zaɓi takarda marar ƙyalli, don mai ƙyalli tana mayar da hasken taga daidai kan wuraren duhun da ka sha wahalar gyarawa.